Sharar Marayu

Da yammacin ranar, manajanmu ya tare ni a bakin matakala, jakata a kafaɗa, ya ce in leƙa ɗakin na'urori in ɗora sabon zubin manhajar ma'ajiya kafin in wuce gida. Duk samarin da ke ofishin nan, masu gashin baki kamar an zana da biro, bai ga ɗan aike ba sai mai furfura a gemu.

"Kawu, kai ka san kanta," in ji shi. "Kuma ka san yaran nan ba mai yarda ya shiga ɗakin da magariba."

Ba na musu da gaskiya idan ta yabe ni. Batun tsoron yaran kuwa, aikina ne. Ni na baza labarin akwai aljanu a ɗakin, don in riƙa samun wurin barcin rana cikin sanyi ba mai damuna. Ƙarya ce mai kyau, da hannuna na ƙera ta. Ban ba kowa izinin ya zo ya tare a cikinta ba.

Ma'ajiyar nan ita ce rumbun da mu masu gina shafukan intanet ke zuba komai: rubutu, hotuna, sababbin shafuka da tsofaffi. Kowane abu yana rataye a jikin wani, kamar ɗa a bayan uwa. Wanda igiyarsa ta tsinke, babu shafin da ke kiransa, a sana'armu maraya muke ce masa. Tsohon zubin ba ruwansa da marayu, shekara da shekaru suna jibge a lungu. Sabon kuwa ya zo da abin da masu shi ke taƙama da shi, wato mai shara, wanda zai bi lungu-lungu ya kwashe su.

Na shiga na tura ƙofa. Ɗakin yana nan yadda na san shi. Fankokin na'urori suna gurnani, 'yan fitilu kore suna ƙyafta ido, ga warin roba mai ɗumi. Ta ƙaramar tagar sama jan hasken rana yana ƙarewa. Na ja kujerata mai gurguwar ƙafa na zauna.

Sabon zubin ya hau lafiya lau, kamar yadda abu ke yi a hannun gwani. Sai allon ya tambaye ni ko a share marayu. A ƙasa akwai dogon gargaɗi, amma mutum irina ba ya karanta gargaɗi, shi ake tambaya. Na danna eh. Wani koren layi ya fara rarrafe daga hagu.

Sai na ji tsintsiya.

Shar. Shar. Daga bayan dogayen akwatunan ƙarfe, inda babu komai sai bango da wayoyi.

Warin ɗakin ya sauya. Yanzu warin murhun da aka watsa wa ruwa ne, jiƙaƙƙiyar toka.

"Maƙwabci."

Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, kamar ba ta son ta tashi mai barci.

Na yi dariya. Na ce yaran nan sun ɓoye lasifika za su rama. Na leƙa ƙarƙashin tebur, na shafa bayan allo, har na ce, "To, kun yi ƙoƙari, amma a wurin kaza aka koyi tono."

"Maƙwabci, me muka yi maka?" in ji muryar. Ta matso kusa. "Kullum kana barci a ƙofarmu, muna hana yara hayaniya. Munsharinka ma mun jure."

Ni ba na munshari. Amma kafin in kare kaina, ta ci gaba.

"Wurin da mutane suka watsar, namu ne. Can muka shimfiɗa tabarma. Ga shi ka turo mana mai tsintsiya ko sallama babu."

"Iya," na ce da raɗa, "ba ni ba ne. Sabon zubi ne."

"Wa ya danna?"

Na ɓoye hannuna a bayana.

"Ka share namu, mu share naka. Ɗaki da ɗaki."

Wayata ta yi ƙara a aljihu, saura kaɗan in faɗo daga kujera. Matata ce.

"Baban yara, kana hanya? Babbar 'yarka ta ce kada ka manta da maganin tarinta."

Na buɗe baki in ce ta ba ta wayar. Na nemi sunan yarinyar. Babu.

Ba irin mantuwar da abu ke tsayawa a kan harshe ba. Wurin a share yake fes, har ina jin sawun tsintsiya a cikin kaina. Yarinyar da ni na zaɓa mata suna, na yi faɗa da surukata a kansa.

Na dubi allon. Koren layin ya kusa rabi. Na danna a dakata. Sai ya nemi kalmar sirri.

Kalmar sirrin sunanta ne.

"Ke," na ce a wayar, "yaya sunanta?"

"Sunan wa?"

"'Yarmu."

Ta ja numfashi. "Wasan nan naka ya ishe ni yau. Na gaji, ga yara suna jin yunwa."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar da ka yi suman ƙarya a gidan yayata."

Ta kashe.

Shar. Shar.

Na kira fuskar ɗana namiji a zuciyata in riƙe. Na ga goshinsa, na ga haƙorinsa da ya fita. Ina kallo, idanun suka goge. Sai hancin.

Na faɗi ƙasa na rarrafa. Babbar wayar wuta tana bayan akwatin ƙarshe, wurin da sharar ke fitowa. Can ɗin.

Ƙasan da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi daga zaune.

Wani abu mai laushi ya shafi kuncina. Gefen zane.

Ban ɗaga kai ba.

Na laluba. Na kama wayar.

Sai wani hannu ya kama yatsana. Ɗan ƙarami, mai ɗumi, ya riƙe gam, irin riƙon da yaro ke yi wa babba a tsakiyar kasuwa.

"Ɗakinsu ya riga ya tafi," in ji tsohuwar, a daidai kunnena. "Yarinyar nan ba ta da wurin kwana."

Na fizge wayar.

Fankoki suka mutu. Fitilu suka mutu. Tsintsiyar ta yi shar sau ɗaya, ta tsaya.

Ban san yadda na sami ƙofa ba. Na dai san na sauka matakala da takalmi ƙafa ɗaya, kuma a bakin titi sunan 'yata ya faɗo mini a ka kamar an jefo shi daga sama. Na tsaya ina ta maimaita shi da ƙarfi, har wani mai sayar da katin waya ya ja teburinsa baya.

Washegari manaja ya yi ta faɗa a kan shafukan da suka kwana a kashe. Na bar shi ya gama, sannan na gaya masa na gano babbar matsala a mai sharar nan, na ceci kamfani. Ya gode mini. Da aka tada na'urar, duk abin da aka tara ba a kai ga zubarwa ba ya koma mazauninsa. Lungu ɗaya ne kawai, na farko, ya tafi ba dawowa. Na kashe mai sharar, na rubuta a jikin akwatin kada wanda ya kunna shi. Barcin rana kuma yanzu a mota nake yi, cikin zafi, a wannan shekarun nawa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

A daren da na koma gida, na tarar da yara a falo suna kallo. Babbar ta karɓi maganinta. Namijin ya tambayi ina takalmina ɗaya. A tsakaninsu akwai wata 'yar ƙarama, da kitso biyu, sanye da tsohuwar rigar babbar. Ta sauko da gudu ta kama yatsana.

Na ja matata kicin na tambaye ta 'yar wa ce.

Ta daɗe tana kallona, ludayi a hannu. "Autarka ce za ka tambaye ni 'yar wa ce?"

Akwai hotunanta a wayata. Akwai katifarta a ɗakin yara, har ta lotsa a tsakiya. Maƙwabta sun san ta. Ni kaɗai ne ban san ta ba. Ko dai tawa ce aka share mini ita, ko tasu ce aka kawo mini riƙo, kuma duk wanda zan tambaya dariya zai yi, ya ce Kawu ya fara.

Yarinya ce mai hankali, ba ta da rigima. Idan na kwanta, ita ke hana yayyenta hayaniya. Jiya na saya mata takalmin makaranta. Tana gwadawa ta ɗago ta ce, "Baba, ka iya sunana yanzu?"

Na ce mata na kusa.