Makunnin Ɗakin Umma

A shagon kayan wuta Auta ta sake ganinsa, bayan watannin da ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Yana tsaye gaban allon da aka jera makunnan fitila, ya danna wannan ya danna wancan. Ta so ta juya, amma mai shago ya riga ya amsa sallamarta.

Malamin makaranta ne, kuma shi kaɗai ta taɓa so. Maganar aurensu ta yi nisa, gininsa har ya kai rufi, sai ɓarin jikin mahaifiyarta Umma ya shanye. Yayyen Auta kowacce tana ɗakin mijinta, iyakarsu kiran waya da Allah ya ƙara sauƙi. Ita ce wanka, ita ce ba da abinci a baki, ita ce juya Umma in gefe ɗaya ya gaji. Ranar da ya matsa a sa rana, ta ce ba za ta bar mahaifiyarta ba, gara ya nemi wata. Sai ya sa takalminsa ya fita.

Tun daga nan gidan ya yi mata faɗi. Sai ta wuni a kan keken ɗinki, ba mai ce mata sannu. Wayarta kuwa ta zama kamar dutse, ba kiransa ba saƙonsa.

Yau makunnin ɗakin Umma ne ya ƙone, mai gyara ya ce ta sayo wani.

Suka gaisa kamar baƙi. Ya tambayi jikin Umma, ta ce da sauƙi. Mai shago, da bai san dawan garin ba, ya shiga tsokana: ai Malam ya hana shi sakat, an gama gida, fenti ya bushe, amma zaɓen makunni ya gagara. Sai haƙuri, in ji shi, haka angwaye suke.

Angwaye...

"Allah ya sanya alheri," ta ce, idonta a ƙasa.

"Auta, taya ni zaɓe. Kin fi ni sanin abin da ya dace."

Ashe har rashin tausayinsa ya kai nan? Ta daure ta nuna masa wasu ƙanana masu ruwan zinare, ta ce amare irinsu suke so.

Ya girgiza kai. Ya kai hannu ga wani fari mai faɗi, ya danna shi da bayan hannu, ya sake dannawa da gwiwar hannu.

"Wannan fa? Hannun da ba ya damƙa... zai iya?"

Ta ɗago ta dube shi.

A hankali ya faɗa mata. Ya sa an fasa bango an sauko da makunnan daidai hannun wanda ke zaune a keken marasa lafiya. An faɗaɗa ƙofar ɗakin da ya ware wa Umma kusa da nasu, an cire dakalin bakin ƙofa, an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Da farko fushi ne ya hana shi zuwa. Daga baya kuma ya ƙi ya zo mata da alkawarin baki.

"Shi ne ka bar ni ni kaɗai?" Muryarta ta karye. "Ko saƙo, Malam... Na ɗauka ka manta da ni."

"Ban kyauta ba, masoyiyata. Ki yafe min."

Mai shago ya tuna yana da aiki a ciki, ya sulale.

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta danna makunnin da yatsa ɗaya, a raunane, yadda Umma za ta yi. Ta ce ya yi tauri. Suka bi layin suna gwadawa, har suka dace da wani mai laushi, da an taɓa shi ya kama. Ta ce kada ya sayi da yawa tukuna, mai ɗakin ce za ta yanke hukunci.

Ya biyo ta gida, ledar a hannunsa. A bakin ƙofar ɗakin ya durƙusa ya gaida Umma, ya kasa haɗa ido da ita.

Umma ta dube shi, ta dubi 'yarta da idanu suka yi ja. Ta jima tana kokawa da harshenta kafin maganar ta fito.

"Ka daɗe, ɗana... Shigo."