Wadda Take Karanta Masa

Ranar da suka haɗu, ɓuya Auta ta je yi a laburaren kwaleji. Malamin darasin gama-gari ya ce kowa zai fito gaban aji ya yi bayani, ita kuwa ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Tana maƙale a bayan kantar littattafai, mai kula da laburaren ta leƙo.

"Ke mai tabarau, zo ki taimaka. Wanda yake karanta masa bai zo ba."

A teburin kusa da taga wani saurayi ne zaune, farar sandarsa a ninke kusa da hannunsa. Dogo kowa yake ce masa. Tun yana ƙarami ya rasa ganinsa, kuma darasin gama-gari bai ɗaga wa kowa ƙafa ba: tarihi, kimiyya, addini da zamantakewa, duk sai ka ci su kafin ka zama malami.

Ta zauna a bakin kujera, ta buɗe littafin tarihi, ta fara karatu can ƙasan maƙoshi.

"Malama," ya ce, "da ni kike, ko da teburin?"

Ta ɗan ɗaga murya. Ba ta yi nisa ba ya sake tare ta.

"Kin tsallake layi. Yanzu aka haifi sarkin nan, ga shi har kin binne shi."

Dariya ta ƙwace mata. Shi ma ya murmusa, ita kuma ta sami kanta tana kallonsa fiye da yadda ya kamata, tana gode wa Allah da ba zai kama ta ba.

Washegari ta dawo. Jibi ma haka.

Karatu da Dogo ba ya tafiya a miƙe. In tarihi ne, sai ya tsayar da ita ya ce wa ya rubuta, wanda ya ci yaƙin ko wanda aka ci? In addini ne, shi yake gyara mata, a hankali, don ya fi ta hadda. A zamantakewa kuwa har faɗa suke yi, musamman kan dalilin da yake sa yara barin makaranta. Auta da ba ta iya kallon idon mutum ta wayi gari tana buga tebur.

Kimiyya ce ta ba su wahala. Sun zo babin zagayawar jini, ta tsayar da karatun.

"Hoto ne a nan."

"Me ke cikinsa?"

"Zuciya ce, da wasu jijiyoyi. Wata ta bi nan, wata ta bi can."

"Nan da can," ya ce. "Madalla, na haddace."

Kunya ta rufe ta. Da ta koma gida ta biya shagon Baba, wanda tela ne, ta tsinci guntayen zare da kwali. Mai kauri ta liƙa shi a matsayin jijiyar da ke fitar da jini, siriri kuma mai dawo da shi, ta sa maɓallai a ɗakunan zuciyar. Gam ya ɓata mata yatsu har da gefen mayafi.

Da ta ajiye masa, ya daɗe yana bin zaren da ɗan yatsa.

"Ba kyau ko?" ta tambaya.

"Shekara da shekaru ana faɗa mini wannan abin, ina gyaɗa kai kawai." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na gode, Muryata."

Daga ranar sunan ya zauna. Ita kuma Ɗalibina take ce masa.

Saƙonta na farko sai da ta goge shi ta sake, ta goge ta sake, sannan ta runtse ido ta tura:

"Ɗalibina, na ji kana tari ɗazu. Ka sha ruwan ɗumi, ka bar na firji. Na yi kewar gardamarka."

Amsa ta shigo:

"Muryata, wayata karanta saƙo take yi a fili, kuma ba ta san sirri ba. Duk 'yan ɗakinmu sun ji. Suna gaishe ki, wai su ma tari suke yi. Na sayo abin sawa a kunne, don Allah ki ƙara turowa."

Ta kifa fuska a filo, ta ƙi fita cin abinci.

Sakamakon jarrabawa ne ya tona asiri. Dogo ya ci komai. Auta ma ta ci gama-gari, amma lissafi, wanda shi ne ainihin abin da ta je karantawa, ta faɗi ƙasa warwas. Yayarta ce ta yi wa Baba bayanin inda lokacinta yake tafiya.

Baba bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi zafi.

"Ban ƙi yaron don larurarsa ba, Allah ne ya ɗora masa," ya ce. "Amma dubi, tun ba a je ko'ina ba kin zubar da naki kin ɗauki nasa. 'Yar jagora na haifa? Haka za ki ƙare rayuwarki?"

Mama ta tsoma baki da zancen Injiniya, ɗan aminin Baba, wanda motarsa ta fara yawan tsayawa a ƙofar gida. Ba shi da aibu. Sai dai in ya zo, shi kaɗai yake magana, kuma har yau bai san me take karantawa ba.

Auta ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta nufi laburare. Daga bakin ƙofa ta tsaya cak. Wata 'yar ajin farko ce a kujerarta, mai murya kamar ta rediyo, tana karanta wa Dogo tarihi ba ko tuntuɓe.

"Shi ya ce a canza masa," mai laburaren ta faɗa, ba ta kalle ta ba.

Ta juya a hankali. Ashe dama murya yake nema, ya kuma sami wadda ta fi.

Kwanaki suka shuɗe ba kira. Sai ga saƙo:

"Ina fatan kina lafiya. Ki mai da hankali kan lissafi. Allah ya ba da sa'a."

Ta karanta, ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta san tana da shi ba. Ta same shi a bencin bayan ɗakin gwaje-gwaje.

"Ba Muryata kuma? Ina fatan kina lafiya, sai ka ce takardar ofis?"

Ya gyara zama. "Yayarki ta kira ni. Ta faɗa mini abin da na jawo miki. Ba zan zama dalilin faɗuwarki ba."

"Waccan fa?"

"Ta iya karatu. Na ce mata littafin ya yi kuskure, ta ce to. Na ce a'a, ni ne na yi kuskure, ta ce to. Barci nake yi."

Ta danne dariyar da ta taso mata, don ba ta gama ba.

"Kai ne kake jin haushin masu fizgar hannunka su tsallakar da kai titi ba su tambaye ka inda za ka ba. Ni ka tambaye ni?"

Ya juya sandarsa a hannu.

"Ban tambaye ki ba. Ki yafe mini." Ya nisa. "To yanzu ina tambaya. Ina za ki, Muryata?"

"Inda za ka. Amma da takardar shaidata a hannu."

Sai suka juya tsarin. Waccan ta ci gaba da karanta masa, Auta kuma ta riƙa zuwa da littafin lissafi tana koya masa da baki. Dogo bai san lissafin nan ba, kuma ba ya jin kunyar rashin sani. Duk matakin da ta faɗa sai ya ce, "Me ya sa?" In ta ce haka yake a littafi, ya ce littafin bai gamsar da shi ba. Takan koma gida a fusace ta nemo dalilin. A haka ta gano cewa da can hadda kawai take yi.

Ta sake jarrabawar, ta ci da kyau. Baba ya duba takardar, ya ce Allah ya yi albarka, bai ƙara komai ba.

Wata ranar Asabar tana bayan labulen shago tana ɗinka maɓallai, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bakin ƙofa, sannan sallamar da ta sani. Allura ta soke ta.

"Wa ya kawo ka?" Baba ya tambaya.

"Ni kaɗai na zo, Baba. Na ɓata sau ɗaya, ƙarar kekenka ta dawo da ni."

Baba ya tura masa kujera. Dogo ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce an yi masa alkawarin aikin koyarwa in ya kammala, kuma bai so ya turo manya ba sai ya ji ta bakin Baba.

"In ta kwanta ciwo, wa zai duba ta?"

"Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ba zan iya ba. In ta rame ba zan gani ba. Mota ba zan tuƙa ta ba. Amma daga sallamarta nakan san ko ta ci abinci. Ina girki, ina wanki, na san hanyar asibiti. Kuma ba zan bari ta ajiye aikinta saboda ni ba, ko da ita ta ce za ta ajiye."

"Ke ta bayan labule," Baba ya ce. "Na san kina ji. Fito ki faɗi naki."

Ta fito. Da can da ta sunkuyar da kai ta bar shi a haka.

"Baba, zan taimake shi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni ma taimakona yake yi. Shi nake so."

Baba ya dube ta kamar yau ya fara jin muryarta. Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya zare tef ɗin awo daga wuyansa.

"Kai, miƙe tsaye. Buɗe hannuwanka."

"Baba?" in ji Dogo.

"Wa ya ɗinka maka wannan rigar? Kafaɗar ta karkace. Ba za ka zo mini ɗaurin aure a haka ba, a ce surukin tela ne."

Auta ta koma bayan labule da sauri, ta toshe bakinta da mayafi, hawaye na zuba.

Bayan sun kammala kwaleji aka ɗaura aure. Mama, da ta fi kowa jan ƙafa, ita ta fi kowa kai da kawowa, tana gaya wa maƙwabta ai surukinta malami ne. Yaya ta nemi gafara, Dogo ya ce sai dai in za ta riƙa kawo musu ziyara.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kamo hannun Auta ya ɗora a kan na mijinta, ya riƙe su duka biyun.

"Ban ce wani ya ja wani ba," ya ce. "Ku jera. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa kuna wannan gardamar taku."

Duk ɗakin aka amsa da amin. Ta Auta ce ta fi fitowa.