Wa Zai Juya Mama?

A bayan gidan burodi Dogo ya tare ta, yana jingine da motar da yake rabon burodi da ita. Ita kuwa fulawa har a girarta.

"Auta, kwana uku kina guduna. Na ci miki wani abu ne?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Aikin da kika shekara biyar kina yi? Ranar Litinin fa za a rufe karɓar ɗalibai."

Ai ta sani. Sau uku tana zana jarrabawa kafin sunanta ya fito a makarantar koyon aikin jinya. Makarantar kuwa tafiyar wuni guda ce a mota.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Mama ya shanye. Likita ya ce a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in ba haka ba kwanciya za ta ci mata fata. Allah ya sa gidansu yana tsallaken titi, mai gidan burodin kuma mutumin kirki ne. Da Auta ta rufe kwaɓi don ya tashi, sai ta wanke hannu ta ruga gida, ta juya Mama, ta sa mata filo tsakanin gwiwoyi, ta dawo. A nan son aikin jinya ya shige ta. Mama ma da karkataccen bakinta "likitata" take ce mata.

"Ba zan je ba," in ji Auta.

Dogo ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya kalli idonta sai dariyar ta tsaya.

"Ba Anti ta ce za ta riƙe Mama ba?"

"Ta riƙe."

Makon da ya wuce Auta ta je makarantar kai takardu, kwana biyar. Ta bar Mama a hannun Anti, matar yayanta. Har lokutan juyi ta rubuta mata a kwali ta manna a bango. Ranar da ta dawo ta zo sauya wa Mama zane, sai ta ga ciwo a ƙugu, faɗin tafin hannu, ya buɗe yana ruwa.

Anti ba muguwa ba ce, da kuka ta yi bayani. "In na taɓa ta ihu take yi, Auta. Ta ce in bar ta ta huta, kuma kar in gaya miki. Ni ina zan iya sa tsohuwa kuka?"

Auta ta gama ba shi labari tana murza bakin mayafinta. "Tausayi ne ya hana ta. Ni ko tana zagina sai na juya ta. Kwana biyar ke nan fa, Dogo. Karatun shekara uku ne."

Ya zauna a kan matakin mota, ya dafe kai.

"Masoyiya... na ajiye aiki."

"Ka yi me?"

"Na samu na tuƙi a garin makarantar. Har ɗaki na kama, mai taga biyu, kusa da ƙofarku. Na ce in kin yi hutun farko sai a ɗaura mana aure. Bazata na so in yi miki."

"To ka yi."

"Zan roƙi maigida ya mayar da ni."

"Ba sabon direban na gani jiya yana gwada mota ba? Ƙannenka huɗu kuma iska za su ci?"

"To mu tafi da Mama."

"Wuni guda a mota da ciwo a buɗe? In ina aji wa zai juya ta? Kai, daga kan sitiyari?"

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "To in jira ki. Ki faɗa mini zuwa yaushe, ko shekara nawa ne, wallahi zan jira."

Ta daɗe tana kallonsa. Wannan dogon da yake sunkuyawa kafin ya shiga ƙofarsu, wanda ya ɗauki Mama a bayansa ranar da ta faɗi.

"Ka san abin da ka tambaye ni? Yaushe Mama za ta mutu."

"Subhanallah, ba haka nake nufi ba..."

"Na sani. Amma in kana can kana jira, wata rana zan kalle ta in ji ta daɗe. Gara in rasa ka da in ga wannan ranar. Ka tafi, Dogo. Ɗakin mai taga biyu ba zai rasa mai shiga ba."

Ya kira ta sau biyu. Ta tsallaka titi ba ta waiwaya ba.

Ran Lahadi ya tafi. Ran Litinin da hantsi ta rufe kwaɓi ta shigo gida. Mama ta bi ta da ido tun daga ƙofa.

"Likitata... ba yau ba ne?"

"An ɗaga, Mama. Sai baɗi."

"Yaron nan fa? Ban ji hon ɗinsa ba."

"An sauya masa hanya."

Mama ba ta sake tambaya ba. Ita ta haife ta, ta san muryarta in tana ƙarya.

"Riƙe wuyana da hannun mai lafiyar," in ji Auta. "Bismillah."

Ta juya ta ta fuskanci bango. Yau Mama ba ta yi ihu ba, kafaɗarta kawai ke rawa. Auta ta zauna a bakin gado, ta ba ta baya. Kowacce ta yi nata kukan a hankali, don kar ɗayar ta ji.