Bargon da Yanjin Ta Bari a Hancin Mota

A makiyayar su Yanjin, can cikin Mongoliya, sanyin hunturu ba ya wasa. Idan ya shigo, Baba yakan ɗaura wa a-kori-kurarsa bargon gashin tumaki a hanci, don kada inji ya daskare.

Da sanyi ya wuce, Baba ya ce, "Yanjin, je ki cire wa motar nan bargonta."

Yanjin ta fizgi bargon da gaggawa, don ƙawarta na jiranta. Sai ya yage biyu. Rabi ya zame can ciki, ya manne a gaban lagireto, inda iska ke shiga ta sanyaya ruwan inji. Ta zura hannu, bai kai ba.

"Kin cire duka?" in ji Baba.

"Na cire tas!" ta ce, ta ruga abinta.

Da zafi ya kama, sai mota ta soma rigima. Ranar farko, Baba ya ɗauki madara zai kai gari. A tsakiyar hanya ruwan inji ya tafasa, tururi ya turnuƙe. Madarar duk ta lalace a rana.

Aka kira Kawu Gombo, ƙanen Mama, wanda yake bakanike ne. Ya canza tiyo. Bayan kwana uku, mota ta sake zafi. Ya canza fanbel, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, ya canza famfon ruwa. Duk a banza.

"Kai, wannan mota ta fi akuya taurin kai!" in ji Kawu, yana share gumi.

Ba wanda ya yi dariya. Yanjin kuwa tana gefe tana kallo. Ta san abin da ta bari a ciki. Amma kullum ta buɗe baki, sai tsoro ya rufe shi. "Gobe zan faɗa," take cewa a ranta. Goben nan ba ta zo ba.

Wata rana Baba ya dawo a ƙafa, leɓɓansa sun bushe, ƙafafunsa sun kumbura. Sai da aka je da dawakai biyu aka jawo motar daga inda ta mutu. Mama ta miƙa masa shayi mai madara da gishiri, ya ajiye bai sha ba.

"Gombo ya ce sai dai a sa wani inji," ya ce a hankali. "Zan sayar da jan dokina in saya."

Mama ta dafe ƙirji. "Dokin da ya kawo ka gida cikin guguwar ƙanƙara?"

"To, yaya zan yi? In babu mota, da me za mu kai Kaka asibiti?"

Da safe mai sayen doki ya iso da igiyarsa. Baba ya tsaya yana shafa wuyan dokin, ya ƙi kallon kowa. Yanjin ba ta taɓa ganin idon Baba ya yi ja haka ba. Tausayinsa ya kama ta, har ya fi tsoron ƙarfi.

"Baba, tsaya!" Ta fashe da kuka. "Ni ce. Ban cire bargon duka ba. Rabi yana ciki. Ƙarya na yi maka."

Kawu Gombo ya zaro ido. Ya kwance ƙarfen gaban motar, ya zura dogon hannunsa can ƙasa. Sai ga bargo ya fito, baƙi ƙirin, cike da ƙura da ciyawa.

"Tabɗi! Mota tana sanye da rigar sanyi a wannan zafi? Ni kuma ina can baya ina ta kwance inji!"

Aka zuba ruwa, aka tayar. Kawu ya hau tudu da ita, ya sauko, ya sake hawa. Ba ta yi zafi ba. Mai sayen doki ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Baba ya durƙusa gaban Yanjin.

"'Yata, yaga bargo ba laifi ba ne, kowa yana kuskure. Da kin faɗa tun ranar, da minti biyar ya isa. Shirun da kika yi ne ya kusa raba mu da dokin nan."

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe. Share hawayenki, ki kai shi rafi ya sha ruwa."

Tun daga ranar, in Yanjin ta yi kuskure, ba ta jiran gobe. Nan take take faɗa.