Shirun Ƙofar Baya

Bayan azahar aka kira ofishin 'yan sanda: kwali biyu na allurar ciwon suga sun yi ɓatan dabo daga firijin wani kamfanin rarraba magunguna. Kafin Sufeto ya iso, manaja ya riga ya yanke hukunci. Mai Sito ce, tunda ita ke riƙe da makulli. Tana zaune a kan benci, ta yi kuka har ta gaji.

"Malama, ina kika ajiye makullin?" in ji Sufeto.

"A ƙusar bayan ƙofa, ranka ya daɗe, da zan tafi salla. Kowa ya san nan nake rataye shi."

Ba a kai "kowa" kotu. In ba a samu wani ba, ita za ta kwana a sel.

Masu gadi biyu ne. Na ƙofar gaba, direbobi sun shaida bai motsa ba. Saura na ƙofar baya, wani ƙato da ake kira Zaki. Sufeto ya leƙa wurin matar da ke amsa kiran masu gadi ta rediyon oba-oba.

"Na kira shi lokacin salla, ya ce yana bakin aikinsa," in ji ta. "Tas na ji muryarsa, har na faɗa masa na yi mamaki."

"Mamakin me?"

"Janareta a can yake, kuma tun safe babu wuta. Duk mai magana daga wurin sai na ce ya maimaita, saboda ƙararsa."

Da aka tambayi Zaki, dariya ya yi. Ya bubbuga wani makirfo mai lasifika da ke maƙale a kafaɗarsa, igiyar makirfon ta gangara cikin aljihunsa.

"Sabo ne, yallaɓai. Manaja ya kawo samfuri mu gwada mu zaɓa. Wannan yana tace hayaniya."

To, Sufeto mutum ne da in ya ga sabuwar na'ura sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Matarsa ta daina barin rediyonta kusa da shi. Ya ce a ba shi ya gani. Manaja ya jona makirfon a tasa oba-obar, suka tsaya gefen janareta. Sufeto ya danna, ya yi magana.

"Tas!" in ji matar daga ciki.

Zaki ya yi murmushi. Sufeto kuwa abin ya burge shi ƙwarai, har ya ciro oba-obarsa don ya gwada ko makirfon zai dace da ita. Ya tura, ya juya, ya sake turawa. Bakin makirfon haƙora biyu ne, tasa rami ɗaya gare ta.

"Ai sai an duba rami kafin a zaɓa," in ji manaja. "Tawa sabuwa ce, shi ya sa ya shiga."

"Na masu gadi fa?"

"Tsofaffi ne, irin..." Sai manaja ya juya ya kalli Zaki.

Sufeto ya miƙa wa Zaki makirfon.

"Ciro taka, ka jona mu gani."

Zaki ya ciro. Rami ɗaya. Ya tsaya yana kallonta.

"Daga ina ka amsa kiran?"

"Daga cikin sito," ya ce a hankali. "Da ta ce ta yi mamaki, sai na ɗauko wannan a teburin manaja, na cusa igiyarsa a aljihu. Kwalayen suna cikin kular ƙanƙara a bayan ɗakin gadi. Mahaifiyata ce ke da ciwon, yallaɓai. Ƙafarta ta fara ruɓewa."

Sufeto ya ji tausayinsa, amma ya ciro ankwa. Da suka zo wucewa ta gaban benci, Mai Sito ta miƙe.

"Zaki, ni fa na raka mahaifiyarka asibiti, na riƙe mata ƙafa ana wankewa. Kuma kana tsaye kana kallo za a tafi da ni?"

Bai ɗago ba har aka sa shi a mota.