Jinin Barewar Mai-tabo

Ranar da suka fara haɗuwa, hannunta na cikin bakin gwanki. Auta ne ya harbe shi da allurar barci a bakin tafki, ita kuma sabuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta durƙusa tana duba dasashinsa ko akwai ƙuraje. Aikinsu ke nan, duk wata su shiga gandun daji su ɗebi jinin ɓauna da gwanki da barewa, don a gano cutar baki da kofato kafin ta tsallaka zuwa garken mutane. Ta ce ya riƙe mata ƙaho. Ya riƙe, ya shagala da kallonta har gwankin ya farfaɗo, suka ranta a na kare, takalminta ɗaya ya tsaya a taɓo.

Tun daga ranar yake kiranta Takalmi-ɗaya, ita kuma tana ce masa Maharbina.

To, mahaifin Auta, wanda ake ce wa Mai-tabo, ba a yi namiji irinsa ba. Sau biyu ɓauna ta soke shi bai mutu ba. Annobar shekarun baya ta kwashe masa shanu talatin, ya binne su da hannunsa bai zubar da hawaye ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma masu digiri bayansa suke bi a daji. Yana da barewa guda da ya tsinta kusa da gawar uwarta, ya raine ta da madarar akuya, ya ɗaura mata ƙararrawa a wuya. Da safe takan bi 'yan'uwanta na daji, da yamma ta dawo cikin awakinsa.

Da Auta ya kai yarinyar gaisuwa, barewar ta zo tana lasar hannunta. Nan ta ga miyau na dalala, ga ƙurji a leɓe. Ta nemi izinin ɗibar jini, tsohon ya yi dariya ya ce ta ɗiba, barewarsa ta fi ta lafiya.

Bayan kwana uku sakamako ya fito. Ta daɗe zaune gaban firjin kwalabe kafin ta ɗauki waya.

"Maharbina, jinin barewar Baba ya nuna cutar. Dole in kai rahoto yau."

"Takalmi-ɗaya, ki bari manya su je gidanku ranar Asabar tukuna. Kwana huɗu ne kawai. Don ni."

"Kwana huɗu sun isa ta shafa wa kowace akuya a layinku. Ina sonka, amma ba zan iya ba."

Ya kashe wayar. Ta kai rahoton.

Washegari aka ɗaure igiyar killacewa a ƙofar gidan Mai-tabo, aka ware awakinsa, aka tafi da barewar a mota, ƙararrawarta na kaɗawa. Tsohon ya tsaya a tsakar gida ya ce, a gaban maƙwabta, ya ba yarinyar ruwa ta sha ta saka masa da ma'aikatan lafiyar dabbobi masu safar hannu, don haka ɗansa ba zai auri wadda ta kulle masa ƙofa ba. Asabar ta wuce babu wanda ya je gidansu. Auta bai kare ta gaban mahaifinsa ba, a daji kuma yakan riƙe mata ƙaho kansa a sunkuye. Wani abokin aikinta ya samu ƙofa, kullum yana raɗa mata cewa wanda ya yi shiru yanzu, shiru zai yi har abada. Ta rame. A kwana na tara barewar ta mutu, aka mayar wa tsohon da ƙararrawarta.

Ran da aka kwance igiyar, ta ɗago daga kan na'ura ta ga Mai-tabo tsaye a ƙofar ɗakin gwaji, Auta a bayansa. Awakin tsohon biyu ne suka kamu, sun warke, kuma duk layin babu wanda ya rasa ko ɗan akuya. Ta miƙe za ta ba da haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, zauna. A wancan annobar, saniya ɗaya ce ta fara miyau. Na ɓoye ta a bayan ɗaki, don ina sonta. Ita ta ja sauran. Shekara arba'in ban faɗa wa kowa ba, har uwar wannan."

Ya ajiye ƙararrawar a kan teburinta. Auta ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki yafe min shirun da na yi." Ta ce sai ya nemo mata takalminta tukuna. Ashe yana cikin jakarsa tun ranar, a wanke.

An ɗaura auren bayan wata biyu. Mai-tabo ya dafa kawunansu ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai irin zuciyarta. Daga nan ya juya yana faɗa wa jama'a cewa tun ganin farko shi ya zaɓo wa ɗansa ita.