Notin Da Ya Ƙi Kwancewa

Tun da yaƙi ya watsa mutanen unguwarsu a Umdurman ta ƙasar Sudan, gida biyu kaɗai suka rage da hayaƙi a layin: na Usta Isma'il makanike, da na Faki Salahuddin, tsohon malamin da ke can ƙarshen layi. Isma'il ba shi da kowa sai 'yarsa Tasnim, mai shekara goma sha bakwai. Burinsa ɗaya ne, ya fitar da ita zuwa Shandi wurin 'yan'uwan marigayiya uwarta.

Mota kuwa sai tsohuwar Fijo ta mahaifinsa, wadda ta shekara ashirin a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ya tada injin, amma sitiyari ya ƙi juyawa don man akwatinsa ya bushe. Notin da ake buɗewa a zuba mai kuma ya ci tsatsa, ya kafe. Kwana uku yana jiƙa shi da kananzir. Sifana ta zame har ta cinye kan notin, ya koma kurfi da guduma, a banza.

Mai gaggawa ba ya jin kira. Ran na huɗu, rana ta yi ja, Tasnim ta leƙo ta ce wa mahaifinta, "Yaba, magariba ta yi, ka bari sai gobe." Bai ko ɗago kai ba. Ya kunna wutar gas ya ɗora wa notin, babu ko bismilla. Ƙarfen ya yi ja, ya saki wata ƙara siririya irin ta tsohon da aka taka wa ƙafa. Noti dai bai motsa ba.

Bai gama alwala ba tsakuwa ta faɗo kan rufin motar. Wata ta biyo. Ya fita ya duba layi, ko kare babu. Da ya dawo ya tarar da Tasnim zaune a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari, idanu a buɗe ba ta ganin kowa. Ya kira sunanta sau uku. Kwana biyu ta yi a haka, ba ci ba sha, ya ja ta iya ƙarfinsa bai iya ɓamɓare yatsunta ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda harsashi bai taɓa sa masa ba.

Isma'il ya je ya kira Faki Salahuddin, wanda ya zo bayan la'asar yana dogara sanda. Ya zauna gefenta, ya daɗe yana karatu a hankali. Can sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsoho ta fito, da wata irin Hausa ta kakanni.

"Ya ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Faki.

"Tare da kakan Isma'il na zo daga yamma, a ƙasa, kan hanyar Makka. Ya tsaya nan, na tsaya. Ni na riƙe notin."

"Don me?"

"Kowa ya tafi, Malam. Babu mai daka, babu yaro mai kuka. In motar nan ta tashi, numfashin wa zan riƙa ji?"

Isma'il ya sunkuyar da kai. Ya zo da fushi, sai ga tausayi ya rufe shi, don shi ma ya san wannan shirun.

"Zalunci ne," Faki ya ce. "Yarinya ba ta ƙona ka ba. Ka sake ta."

"Su bar min ita, shi ya tafi."

"Haram. Shi ke nan, ba a maganar wannan."

"To su tafi da ni."

"Ba za ka zauna a jikinta ba, ba za ka shiga gidan da za su ba. Za a rage maka hanya zuwa garin farko da ake kiran salla, ka sauka. Ka yi alkawari da sunan Allah."

Ya yi. Tasnim ta yi atishawa, yatsunta suka saki, ta ce, "Yaba, ƙishirwa." Da safe Isma'il ya yi bismilla, ya taɓa notin, ya kwance da yatsa biyu. Ya ɗura mai.

Ya roƙi Faki ya biyo su. Tsohon ya girgiza kai ya ce wani sai ya tsaya ya riƙa buɗe masallaci.

Suka kama hanyar arewa. Duk da sabon man, sitiyarin na da nauyi, ana jin wani hannun a kai. Da azahar suka iso wani ƙauye, ladan na kira, mata na shanya, yara na bin akuya. Nan take sitiyari ya yi sakayau.

Isma'il ya taka birki. Tasnim na barci. Ya daɗe yana kallon mutanen, sannan ya ce a hankali, "Ka sauka lafiya, Baba."

Ya ja mota. Sai da ƙauyen ya ɓace a madubi ya tuna da Faki Salahuddin, wanda yanzu ko aljani bai rage masa a layin ba.